Awon Ganuwar Zangon Bunu

Asabar, 10 ga Satumba, bayan La'asar

Mun iso Zangon Bunu da hantsi, ni da Kaka Gumsu. Daga Malam Madori muka shiga mota zuwa Haɗejiya, daga nan muka ɗauki shata ta bi da mu hanyar Baturiya, sannan ta saki kwalta. Direban ya ce zai dawo ya ɗauke mu kafin Magariba.

Wannan ita ce ganuwar da na rubuta kundin digirina a kanta ban taɓa ganinta ba. Littafi ɗaya ya ce kaurinta mita huɗu, wani ya ce shida. Na zo da tef ɗin awo in raba gardama. Kaka kuwa rijiyar ciki take son gani, wadda ta ce kakanninta sun sha ruwanta lokacin da suka taso daga bakin Tafkin Cadi. Tun ina aji ɗaya nake mata alkawarin kawo ta.

Abin da muka tarar: allon bayani ya yi tsatsa, shekarar da aka rubuta a jikinsa ma ba daidai ba ce. Ɗakin kayan tarihi a kulle, mai makullin ya tafi kasuwar Kafin Hausa. Tsuntsayen da 'yan makaranta ke tururuwar zuwa kallo sai da sanyi suke zuwa. Rijiyar tana ƙarƙashin ruwan damina da ya kwanta a wurin. Ganuwar kanta an jibga mata buhunan ƙasa, domin ita ce jingar da ke tare wa garin kogi.

Kaka ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ne lefen da ka yi shekara huɗu kana haɗa min?"

Duk da haka na yi awo. Na kafa fegi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje a bakin ruwa, na ɗaura musu jar leda don kada su ɓace min. Masu cika buhu suka tsaya suna kallona. Na yi musu sallama, suka amsa a ciki.

Asabar, bayan Magariba

Direba bai zo ba. An ce ruwa ya cinye kwalbatin da muka tsallako. Bulaman garin, Malam Shu'ibu, ya sauke mu a gidansa. Tun a gida Umma ta ce mu bari sai bayan damina, na nuna mata cewa ruwan sama ya ja baya. Ya ja baya ɗin. Wannan gaskiya ne.

Lahadi, 11, da safe

Kwalbar allurar sugan Kaka tana jakata, da sauran da zai kai mu kwanaki. 'Yar'azumi, matar Bulama, ta ba ni leda na ƙulle ta na rataye a cikin randa don sanyi.

Babu sabis sai a kan ganuwa, kusa da tsamiya. Na hau na kira ƙanwata Bushira. Ta ce Umma ba ta ce komai ba. Na fi son ta yi faɗa.

Bulama ya yanka mana zakara. Yana ta kirana Injiniya. Na ce, "Ranka ya daɗe, tarihi na karanta." Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Injiniya."

Mai jirgin garin sunansa Haladu. Shi ya san hanyoyin cikin kacalla, dogayen ciyayin nan da suka toshe ruwan ko'ina, baƙon jirgi in ya shiga ba ya fita. Ya ce jirginsa na yoyo, sai gobe in Allah ya kai mu.

Litinin, 12, Azahar

Jirgi na yoyo.

Talata, 13, bayan La'asar

Da idona na ga jirgin Haladu ya dawo da buhunan gishiri da mutum biyar a ciki. Na tare shi a bakin ruwa. Ya ce, "Yallaɓai, ai kaya daban, babban baƙo daban. In wani abu ya same ka me zan ce?"

Burabusko da miyar kifi da rana, tuwon shinkafa da dare, fura a tsakani. Na roƙi 'Yar'azumi ta rage wa Kaka, ta ce a gidanta ba a auna wa baƙo abinci. Kaka ta goyi bayanta. "Ƙyale shi, 'yar nan. Miji ne mai rowa, ko a gida haka yake tsaye a kaina da cokali."

Sun zama ƙawaye. Suna zaune suna gyaran kifin banda, Kaka tana yi mata Barbarci ita kuma tana maida mata da guntayen da ta sani, suna ta dariya.

Na yi tsaga a jikin fegin waje, daidai inda ruwa ya tsaya. Ba don komai ba. Ba na iya zama haka nan.

Laraba, 14, da hantsi

Ruwa ya haura tsagar jiya da kaurin yatsa. Na yi sabuwa.

Duk sanda na hau ganuwa yin waya, aiki yana tsayawa. Yau wani dattijo ya ajiye shebur ya bi ni har gindin tsamiya, ya tsaya yana saurare. Abin da ya ji shi ne ina ce wa Bushira, "Yana ƙaruwa, amma a hankali." Ya juya da sauri ya nufi gidan Bulama.

Alhamis, 15, bayan Azahar

Yau na gane.

Na sami Haladu yana ɗinkin koma, na zauna na ƙi tashi. Da ya gaji da ni ya ce, "Yallaɓai, mu fa ba yara ba ne. Wata shekara haka wasu suka zo da tef da fegi da jan ƙyalle, suka auna jingar can yamma. Ba a yi mako ba aka wayi gari an yanke ta daidai wurin. Ruwa ya sami hanya, manyan garuruwa suka tsira, mu muka ci kuka shekara guda."

Na ce su wa suka yanke? Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Na ce ni ɗan yawon buɗe ido ne. Ya ce wa ke yawon buɗe ido da damina? Na ce ga kakata nan, wane ma'aikaci ne zai zo aiki da tsohuwa? Ya ce, "Mai wayo."

Ashe ganinsu shi ne, ranar da na fita da awon nan, ranar za a sa hannu a yanke ganuwarsu. Muddin ina nan ina cin zakaransu, ba za a sako ruwa a kaina ba.

Na nuna wa Bulama katin makarantata. Ya juya shi gaba da baya, ya yaba hoton, ya miƙo min da hannu biyu. Na ce ya zo in cire fegin a gabansa. Ya ce, "A'a, Injiniya, bar aikinka. Ai ka riga ka faɗa musu a waya."

Babu wanda ya ɗaga min murya. Babu ƙofar da aka kulle. Ko'ina na nufa sai a matsa min tabarma.

Juma'a, 16, bayan masallaci

Liman ya yi addu'a Allah ya tausasa zukatan waɗanda al'amarin garin ke hannunsu. Sahu gaba ɗaya ya juyo ya dube ni kafin a shafa.

Na fara rage wa Kaka yawan allurar. Ban gaya mata ba.

Asabar, 17, da safe

Bushira ta ce Kawu ya je bakin gada a Haɗejiya neman jirgi. Duk suna kwasar mutane daga wasu ƙauyukan, wanda ya saurare shi kuma ya ce ba ya shiga kacallar Zangon Bunu sai da ɗan gari.

Na gaya wa Bulama zancen allurar dalla-dalla. Ya ce Haladu zai kai Kaka gobe, ni in ɗan ƙara hutawa. Na amince nan take. Na shiga na gaya wa Kaka.

Ta ce, "Uwarka ta damƙa min kai a bakin mota. In koma in ce mata me? Na baro shi a ruwa, ga ni na zo shan magani?"

Na ce ni na kawo ki, ba ke kika kawo ni ba.

"Kai ka biya kuɗin mota. Ni na kawo ka."

Na roƙe ta har muryata ta canja. Ta kira 'Yar'azumi ta ce ta zo ta ga ango yana kuka. Da Bulama ya leƙo gaishe ta, ta miƙe zaune ta gyara ɗaurin kallabi ta ce masa lafiyarta ƙalau, yaron ne mai tsoro tun yana goye. Bulama ya dube ni irin kallon wanda aka kama da dabara.

Lahadi, 18, La'asar

Yatsa ɗaya.

Kaka ta sha ruwa kwanon sha biyar kafin Azahar. Ta ce kifin ne da gishiri.

Litinin, 19, da hantsi

Mai makulli ya dawo ta jirgin da ke yoyo. Ya zo da kansa ya buɗe min ɗakin tarihi, yana ta ba ni haƙuri. A ciki akwai tulu biyu, da guntun sirdi, da takobi marar kube, da kashin jemage. An rubuta wa takobin shekarar da ta girmi garin. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na fasa.

Ya ce in sa wa Gwamnati baki a gyara musu rufin, in har garin zai kai baɗi.

Daga kan ganuwa ana ganin shinkafarsu har iyakar ido, ta sunkuyar da kai amma da sauran kore. Sun ce tana bukatar kamar kwana goma. Mata da maza suna cikinta da gwangwani suna korar tsuntsayen jan-baki tun asuba. Ita ce abincinsu na shekara, ita ce auren 'ya'yansu. Na san wannan, ba sai an gaya min ba.

Talata, 20, da safe

Na ɗaga kwalbar allurar a rana na juya ta, ba abin da ya rage. Na mayar da ita cikin randa duk da haka.

Bayan gida, inda Kaka ta tsuguna, tururuwa ta taru. Na zuba ƙasa a kai kafin 'Yar'azumi ta gani. Ban san me ya sa na ɓoye ba.

Laraba, 21, Azahar

Ba ta tsokane ni ba yau.

Laraba, bayan La'asar

Ta kira ni da sunan Baba, Allah ya jiƙansa. Sau biyu. Sannan ta tuna sunana ta ce, "Muttaka, an buɗe rijiyar?" Na ce ana shirin buɗewa.

Bushira ta sa Umma a waya. Umma ta ce, "Tana cin abinci?" Na ce tana ci. Ta ce, "Kai fa?" Sai sabis ya ɗauke, ko kuma ni na kashe, ban tabbata ba.

Ruwan sama ya ja baya. Tun da muka zo ko ɗigo ba a yi ba. Wannan gaskiya ne.

Alhamis, 22, da yamma, asibiti, Haɗejiya

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Da safe Kaka ta kasa tashi salla. 'Yar'azumi ce ta fita ba ko mayafi, ta sami mijinta a zaure cikin mutane ta ce, "Malam, in tsohuwar nan ta mutu a ɗakina, da wane bakin za ka yi wa Allah bayani?" Nan da nan aka kawo jirgi har gindin ganuwa. Babu yoyo.

Aka ɗauko Kaka a tabarma. Ta riƙe min wuyan hannu. Da aka zo sa ta a jirgi aka ce in saki, ba ni na riƙe ba. Haladu ya gwada ɓamɓare yatsunta, ta buɗe ido ta ce, "Tare." Ta dafe bakin jirgin da ɗaya hannun ta ƙi shiga. Ban san inda ta sami ƙarfin ba.

Gari duka yana kan ganuwa. Bulama ya matso har ina jin numfashinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Injiniya, mun ci gishiri tare. Ba na tambayarka wa ya aiko ka. Abu ɗaya za ka gaya min ka tafi. Mu zauna mu jira shinkafa ta nuna, ko mu yanke ta ɗanya mu hau tudu?"

Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba.

Ya ce, "Wannan ka sha faɗa." Ya ɗaga ido ya dubi Haladu, Haladu ya zare gorar tuƙi daga ruwa ya kwantar da ita.

Leɓen Kaka ya bushe ya tsage. Daga inda nake tsaye ina hango fegina, tsagogin duk sun nutse har ta jiya. Abin da na sani ke nan a duniya: yatsa ɗaya kullum. Ban san ko akwai masu shirin yanke wani abu ba. Ban san abin da ke tafe daga sama ba. In na ce su zauna ruwa ya zo, da mutane zai tafi. In na ce su tashi bai zo ba, rabin abincinsu ya tafi a banza.

Na ce, "Ku yanke."

Ya ce, "Ganuwar nan za a fasa ke nan."

Na ce, "An riga an gama magana tun kafin in zo. Riƙe ni ba zai hana ba. Ku yanke, ku kwashe rumbuna, ku hau tudu."

Da wata irin murya na faɗa, wadda ban san ina da ita ba. Bulama ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce Allah ya saka da alheri, ya san ba ƙaramin abu na yi ba da na fasa musu sirrin aiki. Kafin jirgi ya juya na ji ana kiran a fito da lauje.

Cikin kacalla ba a ganin komai sai sama. Haladu ya tuƙa mu har gada. Kaka ba ta sake ni ba sai da aka zo yi mata ƙarin ruwa a hannun.

Juma'a, 23, da hantsi

Likita ta ce da mun ƙara kwana ɗaya, da wani zancen ake. Umma ta zo. Ta dube ni ta ce na rame, ta miƙo min kwanon abinci. Shi ke nan abin da ta ce.

Asabar, 24, bayan Asuba

Na taka zuwa gada. Na sami wata tsaga a jikin ginshiƙi daidai inda ruwa ya tsaya, na riƙe ta a ido.

Lahadi, 25, bayan Asuba

Ruwan yana nan inda yake.

Litinin, 26, La'asar

Kaka ta zauna da kanta ta sha kunu marar suga tana zagin wanda ya dama. Ta ce da ma'aikaciyar jinya, "Kin ga mijin nan nawa? Ya kai ni yawon amarci ya dawo da ni a tabarma."

Da suka fita ta ce, "To, nawa ne?"

Na ce me?

"Kaurin katangar da ka kusa kashe ni a kanta."

Na ce mita biyar da 'yan kai. Duk littattafan biyu sun yi kuskure.

Ta ce, "To madalla. Sai ka gaya musu." Ba ta tuna abin da aka yi a bakin jirgi ba. Ban tuna mata ba.

Talata, 27, bayan Asuba

Ya sauka. Kaɗan, amma ya sauka. Masu shayi a bakin gada suna ta hamdala.

Laraba, 28, bayan Azahar

Haladu ya zo asibiti. Ya tambayi ɗakin tsohuwar Injiniya har aka gane. Ya kawo wa Kaka kifin banda daga 'Yar'azumi, ni kuma ƙullin shinkafa daga Bulama, ta farkon yanka. Na buɗe. Ƙwayar siririya ce, fara fat, rabi ƙaiƙayi. Na murza ɗaya ta zama gari a yatsana.

Ya ce sun gama yankewa cikin kwana uku, har da fitila. Sun kwashe rumbuna, yara da tsofaffi suna tudu a bukkoki. Garin da ke gaba da su ma da suka ji daga bakin wa maganar ta fito, sun bi sahu.

Na ce ruwan fa?

"Bai zo ba tukuna. Wasu har sun fara cewa ya ja baya, a koma gida. Bulama ya ce ba mai komawa. Ya ce mutumin da ya yi kwana goma sha biyu yana ɓoye magana, ran da ya faɗe ta ba ƙarya zai yi ba."

Na ce, Haladu, ni tarihi na karanta.

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Mun sani, Yallaɓai. Ba wanda zai ji daga bakinmu."

Alhamis, 29, bayan Asuba

An ce gobe za a sallami Kaka.

Ya ƙara sauka. Kaurin yatsa biyu, na auna da kara.

Na yi salla a masallacin bakin gada. Liman ya roƙi Allah ya janye ruwan nan daga kan bayinsa, kowa ya ce amin da ƙarfi. Na ɗaga hannu tare da su. Sai da na shafa na gane abin da nake roƙa, kuma ba janyewar ruwan ba ne.

Ƙullin shinkafar yana jakata. Kaka ta ce a dafa mata in mun koma gida.